Ƙuri'a nawa za ta tabbatar mana da kujera a zaɓen ƙungiyarmu?

Tambaya: Barista, ƙungiyarmu ta 'yan albasa a nan Sakkwato za ta zaɓi 'yan kwamiti biyar. Mu 120 ne a rajista, ƙananan 'yan kasuwa kuma mu 25 ne, ba mu taɓa samun wakili ba. Ƙuri'a nawa muke bukata don namu ya shiga?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Dokar zaɓe ta ƙasa da hukumar INEC ba su da hannu a wannan zaɓe. Kundin tsarin mulkin ƙungiyarku shi ne dokarku, don haka ka fara neman kwafinsa wajen sakatare. In ƙungiyar tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, akwai kwafi a can. Layi ɗaya za ka duba: sunaye nawa kowane mamba zai rubuta a takardar ƙuri'a?

In suna ɗaya ne, sannan a ɗauki biyar mafi yawan ƙuri'a, to kuna da hanya. Ka raba ƙuri'un da yawan kujeru haɗe da ɗaya, wato 120 a raba gida shida, ya ba da 20, ka ƙara ɗaya. Amsar 21 ce. Ka ɗauka irin albasa 120 ne a tabarma, naku ya kwashi 21, saura 99. Kafin a kayar da shi sai mutum biyar sun samu 21 kowannensu, wato 105, kuma babu su a tabarmar. Wani lauyan Ingila, Henry Droop, shi ya fito da wannan lissafi a ƙarni na 19, kuma da shi ake fitar da adadin cin kujera a zaɓen majalisar Ayilan da na dattawan Ostireliya.

Amma da ƙuri'u masu inganci da aka kaɗa ake lissafin, ba da sunayen rajista ba. In mutum 96 suka zo, 17 ta isa. Sannan ina roƙonku, kada ku tsayar da mutum biyu. Tabbatar da kujera biyu sai da ƙuri'a 41. In kuka raba 25 ɗinku gida biyu, kuna iya tashi a tutar babu.

In kuwa kundin ya ce kowa ya rubuta sunaye biyar, lissafin ya sauya. Mutum 61 da suka haɗa baki za su kwashe kujerun duka, ku kuma 25 ɗinku ba za ta tabbatar muku da komai ba. Ina zargin abin da ya daɗe yana hana ku wakili ke nan, kuma a ganina tsari ne da ke danne marasa rinjaye. Ko ku ƙulla yarjejeniya da wani ɓangare su sa naku a jerinsu, ko ku kawo ƙudurin gyaran kundi a babban taro. Mai rajista da CAC sai hukumar ta amince da gyaran.

Inda kundin bai ce komai ba, nan rigima take. Ku sa a yanke ƙa'idar a taro kafin ranar zaɓe, a rubuta ta a littafin taro, har da yadda za a yi da ragowar lissafi da kunnen doki. Mu Sakkwatawa mun san nauyin ragowa: a 1979 sai da Kotun Ƙoli ta zauna kan ko kashi biyu cikin uku na jihohi 19 yana nufin 13 ne ko 12 da biyu bisa uku, kafin ta tabbatar da nasarar Alhaji Shehu Shagari a kan Awolowo.

In an yi zaɓe aka saɓa ƙa'ida, ku rubuta ƙorafi ga kwamitin zaɓe nan take, ku riƙe kwafin da aka sa wa hannu da hoton takardar sakamako. Ku bi matakan sulhu da kundin ya tanada tukuna, domin kotu ba ta cika shiga harkar cikin gida ta ƙungiya ba sai an nuna mata an karya kundin. Kotun da za a je, ta jiha ko ta tarayya, ta danganta da irin rajistarku, don haka ka kai wa lauya takardar rajistar da kundin ya duba kafin a shigar da ƙara.