Kamfani biyu a na'ura ɗaya: wa ke yin rabon?

Kai yaro, wato sai yanzu ka lura ƙarfen sabis ɗaya na ɗauke da kamfani biyu har uku, shi ne kake tambayata yadda ake raba musu, da abin da ke hana mai yawan jama'a danne ɗan'uwansa. Da ba zan tanka maka ba, don ku yaran yanzu kuna tambaya ne ido na kan waya. Amma ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Haɗa ƙarfe da janareto da batir ba shi ne aikin ba. Tun 2014 MTN ta miƙa wa IHS ƙarafanta, Airtel ta sayar wa American Tower nata, kowa ya koma ɗan haya. Wannan ko mai gadi ya sani. Maganar tana wajen haɗa na'urar rediyon kanta. A tsarin MORAN na'ura ɗaya ce, amma kowa na kan zangon da hukuma ta ba shi, wato hanyar iskar da siginarsa ke bi. A MOCN kuwa har zangon an zuba shi wuri guda, kuma nan rigimar take. Tunda MTN da Airtel sun sa hannu kan haɗa kayan aiki a Najeriya da Uganda a watan Maris na 2025, ka buɗe kunne, irin wannan aikin ne zai ciyar da ku.

A 4G, zango mai faɗin megahaz 20 a yanke yake gida 100, kowane gida kilohaz 180, kuma sau 1,000 na'ura ke sake rabon gidajen nan cikin daƙiƙa guda. Kowace waya na aiko mata rahoton ƙarfin siginar da take samu. Sai ta duba wa ke da kaya a layi, wa ya jima bai samu ba, ta sa mai kiran murya gaban mai kallon bidiyo. Wanda ke can bayan gari sai ya cinye gidaje da yawa kafin ya samu abin da na kusa da ƙarfe ke samu da 'yan kaɗan. A saman wannan kuma sai rabon kamfanonin: ko ka kulle wa kowa kasonsa, ko ka ba kowa mafi ƙarancin kason da ba a taɓa masa, ragowar ta bi wanda ke da buƙata a lokacin, mai ita na waiwayowa a sakar masa.

Kullewar nan ce ta ci mini fili. Wani ɗan kwangila, ba zan kama suna ba, ya ba ni aikin karkara a wani gari mai kasuwar shanu ta mako-mako. Na ga garin, na ga yadda layi ɗaya ya mamaye hannun fatake, ɗayan kuwa sai malaman makaranta da 'yan asibiti. Na ce masa Alhaji, wannan wurin rabo mai motsi yake so. Shi kuwa rabon sai an sayi lasisinsa wajen masu ƙera na'urar, kuma kuɗin na cikin kwangilar, da idona na gani a takarda. Ya ce in raba biyu in kulle, lasisi na hanya. Ashe ya riga ya lamushe kuɗin.

Ranakun da ba kasuwa komai lafiya lau. Ranar kasuwa fa? Hantsi na dubawa abu ya cushe. Masu POS sun ɗaga na'urarsu sama suna zagaye rumfa, dillali ya riƙe igiyar sa ya ƙi saki don kuɗi bai shigo ba, mai saye na rantsuwa yana nuna masa waya. Na buɗe kwamfuta a gindin ƙarfe, sai ga ɓangare ɗaya ya bugi rufi ya miƙe ɗoɗar, ɗayan kusan fayau. Kamar tirela ce 'yan kasuwa biyu suka yi shata, rabi babu kaya, ga buhunan ɗaya a zube a ƙasa, direba ya ce doka ta hana a ɗora.

Da kamfani ya kira zama, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce ni na yi kuskuren saiti. Ga saƙonsa a wayata. Kafin mu shiga ya ja ni gefe yana haɗa ni da Allah in rufa masa asiri, cikon kuɗina na nan ƙarshen wata har da ƙari. Na duba zumuncin da ke tsakaninsa da surukina. Suka yanke masa tara, shi kuma ya cire ta daga haƙƙina, ya ɗauko wani yaro irinka ya danna abin da na ce a danna tun farko. Masu hawan ƙarfe da na ɗauka suna da iyali, dole na sayar da filina na sallame su. Shekarar nan ya tafi Umara. Allah ya isa, har gobe ban yafe ba.

Yadda ake saita fuskar eriya da karkatar da ita ba zan ɓata bakina ba. In ba ka iya ba, je ka koyi ɗinki. Abin da zan ce maka, kada ka yarda da matsakaicin lissafin yini, yaudara ce. Nemi awar da aka fi cunkoso, ka duba cin gidajen kowane kamfani daban. Ka kuma leƙa hanyar da ke kwashe kayan zuwa cibiya, don in farantin maikurowef ne, ruwan damina mai ƙarfi na rage masa gudu, sai ka yi ta zargin rabo a banza. Kada ka taɓa barin ƙaramin kamfani babu mafi ƙarancin kason da aka ware masa, babban zai shanye shi ranar taro.

Yankan netwok na 5G da kuke ta zumuɗi a kai, wannan rabon ne dai aka faɗaɗa, har banki ko asibiti ya samu yankinsa. Gobe ka zo da kwamfutar a cike da caji, ka fito mini da jerin lasisin da ke kan na'urar can kafin ka taɓa komai.