Za ni Morishiyas buga golf, me zan sa a jaka?

Tambaya: A Kaduna nake buga golf. Ni da abokaina za mu tsibirin Morishiyas hutun mako guda cikin Janairu. In tafi da sandunana ko in yi haya a can? In da su zan tafi, wace irin jaka zan saya? (Wani Alhaji daga Kaduna)

Amsa: Alhaji, in sau ɗaya ko biyu za ka shiga fili, bar sandunanka a gida, manyan filayen tsibirin irin su Anahita da Heritage suna ba da haya. Amma in kusan kullum za ka buga, tafi da naka. Hannu ya san abinsa, kuɗin haya kuma taruwa yake yi.

Batun jaka ne nake so ka natsu a kai. Daga Najeriya sai an canza jirgi a hanya, ko a Nairobi ko a Dubai, wato sau da yawa za a sauke kayanka a sake lodawa. Akwati mai tauri ya fi kariya, sai dai nauyinsa kaɗai zai cinye maka kaso mai tsoka daga kilo 23 da yawancin jirage ke yarda da shi a jaka guda, ga shi da wuya ya shiga but ɗin tasi. Ni dai jaka mai laushi, mai soso da taya, zan ce ka saya. Ka haɗa da ƙarfen nan mai kai kamar laima, wanda ake tsayarwa a ciki ya ɗara doguwar sandarka tsawo, don in jakar ta faɗi ta ka shi zai sha dukan. Ka naɗe kawunan sandunan da tawul, ka kuma tambayi kamfanin jirgin ƙa'idarsa tun kafin ka yanki tikiti.

Ƙwallaye kuwa, ɗebi masu araha da yawa. Filin Île aux Cerfs, wanda ɗan wasan golf na Jamus Bernhard Langer ya tsara, a kwalekwale ake zuwa, kuma tsakanin ruwa da itatuwan bakin teku da baƙaƙen duwatsu ƙwallo ba ta daɗewa a hannun baƙo.

Abu ɗaya ya dame ni, watan da kuka zaɓa. Janairu zuwa Maris lokacin ruwa ne da guguwar teku a can. In ba ku biya ba tukuna, ku matsa zuwa tsakanin Mayu da Oktoba.

Tambaya: Tare da maigidana zan je, nima ina bugawa. Wane irin kaya zan ɗauka da zai suturta ni ba tare da zafi ya dame ni ba? (Wata Hajiya daga Abuja)

Amsa: Hajiya, zafin tsibiri mai laima ne, gumi ba ya bushewa da wuri, kayan auduga kuma sai su jiƙe su manne a jiki. Ki nemi riguna masu dogon hannu na yadin wasanni mai saurin bushewa, masu kwala domin filayen suna son haka, da wando sakakke da hijabin wasanni mara nauyi. Safar hannu ki ɗauki uku, in ɗaya ta jiƙe ki shanya ta ki sa wata. Man kariya daga rana ma kada ki raina shi, baƙar fata ita ma tana ƙonewa, musamman a bakin teku.

Takalmin golf mai ƙusoshin roba, wanda kika riga kika saba da shi, ki sa shi a jakar hannu. In kaya suka makara sanda tana hayuwa, amma takalmi daidai ƙafa yana da wuyar samu. A jakar hannun nan kuma ki ajiye katin allurar shawara tare da fasfo, don ana iya neman sa ga wanda ya taso daga Najeriya.