Igiyoyin da hadari ke tayarwa a sama: na gaske ne ko na kwamfuta?

Tambaya: Malam, ina kwaikwayon hadari a kwamfuta da manhajar WRF ta lissafin yanayi. A saman gajimaren ina ganin layuka a karkace, amma bayan awa biyu sai su harɗe kamar saƙar tabarma. Na gaske ne? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, layukan farko na gaske ne. Iska mai ɗumi takan taso da ƙarfi a cikin hadari, ta tunkuɗi iskar da ke kwance a wajen kilomita 16 zuwa 17 a sama. Nauyi ya dawo da ita, ta zarce, ta yi ta lilo, lilon ya bazu kamar igiyar ruwa. A can sama kowane lilo ba ya gaza minti 5. Masana yanayi Fovell da Durran da Holton sun nuna irin waɗannan igiyoyin a kwaikwayonsu na 1992.

Saƙar tabarmar kuwa galibi laifin rufi ce. Sararin samaniya ba shi da murfi, lissafinki yana da shi. Igiya ta hau ta buge shi, ta dawo ta gitta wa masu hawa. Ɗaga rufin zuwa kilomita 30 ko fiye, ki sa soso, wato shimfiɗar da ke shanye igiyoyi kafin su buge rufi, a kilomita 5 zuwa 10 na ƙarshe. A saitin WRF shi ne damp_opt = 3, ki daidaita kaurinsa da zdamp. Kada ki ɗauki awo a cikin soson. Don ki tabbatar, ƙara ɗaga rufin ki sake gudanarwa: in saƙar ta sauya wuri, ba daga hadari take ba.

Sai idon raga, wato tazarar da ke tsakanin makin da kwamfuta ke lissafi a kansu. Kilomita 1 a kwance, a tsaye kada ya wuce mita 500. Igiyar da tsawonta bai kai maki kamar 7 na raga ba, lissafi zai dakushe ta. A wannan awo ki mayar da cu_physics, saitin da ke ƙiyasta hadari a madadin lissafa shi, sifili, hadarin ya gina kansa. Takun lokaci, wato tazarar lokaci tsakanin lissafi da lissafi, daƙiƙa 6 ga kowane kilomita na idon raga. In lissafin ya tarwatse lokacin da iska ke tasowa da ƙarfi, sauko zuwa daƙiƙa 4.

Abin da ya fi damuna shi ne a ce kina ajiye sakamako awa-awa, alhali lilon na mintuna ne. Ajiye duk minti 1 ko 2. Kuma in hadarin daminarmu kike bi, daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, don haka bar masa fili sosai ta yamma, kada ya kai gefen raga kafin ki gama awo.