Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Ɗaukaka Garin Kafanchan?

Tambaya: Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto yana cewa, "Edita, kakana ya yi aikin reluwe, kuma ba ya rabuwa da ambaton Kafanchan. Don Allah a ina garin yake, kuma me ya sa sunansa ya yi fice a harkar jirgin ƙasa?"

Amsa: Malam, Allah Ya saka da alheri. Kafanchan tana kudancin Jihar Kaduna, ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma a nan fadar Sarkin Jama'a take. Sunan ya samo asali ne daga Fantswam, al'ummar da ke zaune a wurin tun kafin a ji kukan jirgi, waɗanda har yau suke da sarkinsu mai suna Agwam Fantswam.

Idan ana son a fahimci yadda ƙaramin wuri ya zama gari, sai a dubi kwal da kuza. Turawan mulkin mallaka sun gano kwal a yankin Enugu a 1909, ga kuma kuza da ake haƙa a tsaunukan Jos, wadda ke buƙatar hanyar zuwa teku, yayin da masu haƙarta ke buƙatar makamashi. Wannan ne ya sa aka shimfiɗo layin dogo na gabas daga Fatakwal, ya ratso Enugu da Makurɗi, ya zo Kafanchan, inda ya rabu biyu a 1927: reshe ɗaya ya nufi Kaduna ya haɗu da layin Legas zuwa Kano, ɗayan kuma ya hau tudu zuwa Jos. A shekarun farko sai an tsallakar da taragu a kan Kogin Binuwai cikin jirgin ruwa, har zuwa 1932 da aka buɗe gadar Makurɗi. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka ja layi daga Kuru, da ke kan reshen Jos, ta Bauchi da Gombe har Maiduguri, sai ya zama duk jirgin da zai je arewa maso gabas ba shi da makawa sai ya bi ta Kafanchan.

Mahaɗa irin wannan ba ta zama ba mutane. Akwai direbobi da makanikan loko da masu gyaran dogo da akawuna, ga 'yan dako da 'yan tireda da masu sayar da abinci a bakin tasha, kuma haka Hausawa da Ibo da Yarbawa suka zo suka tarar da Fantswam da maƙwabtansu irin su Bajju da Atyap da mutanen Kagoro. Ƙarfin tashar ya kai har masarautar Jama'a ta baro tsohon mazauninta a farkon shekarun 1930 ta dawo kusa da dogo. A nan ne kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ajiye hedikwatar ɗaya daga cikin gundumominta, wato ta arewa ta tsakiya, don haka ba abin mamaki ba ne a ce sunan garin ya zauna a bakin kakanka.

Da harkar jirgi ta yi sanyi, manyan motoci suka karɓe dakon kaya, garin ya jingina da noma da ilimi. Yankin ya shahara da citta, akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, ga magangarar ruwan Matsirga da duwatsun Kagoro ga mai son buɗe ido.

Abin da ke damuna shi ne sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai bi ta Kafanchan ba, saboda haka fatanta ya rataya ne a kan tsohon layin gabas, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaransa a watan Maris na 2021. A ganina babu garin da ya fi Kafanchan cancantar ganin kammaluwar aikin nan, domin manomin citta da ke biyan kuɗin tirela zuwa tashar jiragen ruwa zai fi kowa amfana ranar da taragun kaya suka sake tsayawa a tasharta.