Hukuncin bangaza da jifan ramuwa a wasan besbol

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Bronx, New York, ɗana kuma mai jifa ne a besbol, wato shi ke jefa ƙwallo ga mai bugu, shi kuma ya buge ta da sanda. A gasar manya muna ganin ana bangazar juna, wani lokaci ma a auna mai bugu da ƙwallo da gangan. Me ya sa ake ƙyale haka? Ya halatta yarona ya kwaikwaya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asalin wasan motsa jiki halas ne, Annabi (SAW) da kansa ya yi kokawa da Rukana. Idan mai gudu ya zame a ƙasa zai taɓa gida, wato wurin da ake son ya isa a cikin fili, ya yi karo da mai tsaronsa ba da niyya ba, babu laifi a kansa, domin kowannensu ya shiga fili da sanin haka na iya faruwa.

Dalilin ƙyalewa kuwa al'ada ce ta gado, wadda 'yan besbol suke kira dokokin da ba a rubuta ba, ga kuma wahalar gane niyya: mai jifa zai ce ƙwallon kuɓuce masa ta yi, alƙali bai ga zuciyarsa ba. Su ma shugabannin gasar sai da jiki ya gaya musu suka gyara. An karya ƙafar ɗan wasa Buster Posey a karo a 2011, aka taƙaita karo a bakin gida a 2014. An karya ta ɗan wasa Ruben Tejada a 2015 da mai gudu ya zame ya bangaje shi, sabuwar dokar zamewa ta zo a 2016.

Inda nake son ka tsaya da yaron shi ne jifan ramuwa. An jefi ɗan ƙungiyarku, sai kai kuma ka nemi gwanin waccan ƙungiyar, wanda bai taɓa kowa ba, ka narka masa ƙwallo a haƙarƙari. Wannan haramun ne. Allah Ya ce: "Wa la taziru waziratun wizra ukhra," wato rai ba ya ɗaukar laifin wani. Ko mai laifin ne ma, hukunci na alƙali ne, ba na ɗan wasa ba. Kuma ƙwallon nan ba lemo ba ce, ita ta yi ajalin ɗan wasa Ray Chapman a 1920 da ta same shi a kai. Manzon Allah (SAW) ya ce: "La darara wa la dirar," ba cuta ba cutarwa.

Ya jefa kusa da jikin mai bugu don ya takura shi, wannan dabarar wasa ce, matuƙar ya iya hannunsa. Amma ko koci ne ya ce ya jefi mutum, kada ya bi, domin ba a yi wa halitta biyayya a saɓon Mahalicci.

Wallahu a'alam.