Tambayi Baba Kyaftin: Tuƙin Jirgi Cikin Hazo

Assalamu alaikum Baba Kyaftin. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Gwaram, ina koyon tuƙin jirgin sama. Na karɓi lasisin farko, yanzu mun shiga darasin tuƙi da na'ura. Duk ranar da malamina ya ɗora mini hular nan mai dogon baki da ke hana ganin waje, sai in ji a jikina jirgi ya karkata hagu, alhali na'ura na nuna a miƙe yake. In na ce zan gyara, sai malami ya karɓe jirgin. Baba, ko dai wata larura ce a tare da ni?
— Ɗalibi daga Gwaram

Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, lafiyarka ƙalau. Ban taɓa koyar da ɗalibin da bai ji wannan karkatar ba, kuma matuƙan da suka yi furfura a kan aiki har gobe tana zuwa musu.

Daga kunnenka abin yake. Can ciki akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya. Ɗebi ruwa a ƙwarya ka riƙa juya ta: da farko ƙwarya na tafiya ruwa na tsaye, can sai ya bi ta su tafi tare, in ka tsayar da ita kuma ruwan ya ci gaba da zagayawa. To haka kunne yake. In jirgi ya silale dama sannu-sannu, kunne ba ya ji. Sai ka duba na'ura ka gani, ka miƙar da shi da sauri. Wannan motsin kuwa kunne ya ji shi sarai, sai ya rantse maka cewa yanzu ne ka karkata hagu. Ranar da gari ya yi wasai, ido ke raba gardamar, don yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Cikin gajimare ko hazo babu wannan shaida.

Allah ya yi jikin nan don tafiya a doron ƙasa, shi ya sa sai da aka ƙera na'urar da ke nuna zaman jirgi kafin tuƙi ba gani ya yiwu. Ranar 24 ga Satumba 1929 wani matuƙin sojan Amurka, Jimmy Doolittle, ya tashi, ya zaga, ya sauka, an lulluɓe mazauninsa ba ya ganin komai sai na'urori. Bayan shekara 70, a watan Yuli na 1999, ɗan tsohon shugaban Amurka Kennedy ya tuƙa ƙaramin jirginsa da dare a kan teku cikin hazo, ba shi da lasisin tuƙi da na'ura. Masu bincike suka gano ruɗewar nan ce ta same shi. Ya rasu tare da matarsa da 'yar'uwarta. Ina ba ka labarin ne don ka san darajar abin da malaminka ke tsare ka a kai.

Maganin yana hannunka, amma sai da horo. Idonka ya mai da na'urar zaman jirgi gidansa, mai shuɗi a sama da ruwan ƙasa a ƙasa. Daga nan ya leƙa ma'aunin tsawo ya dawo, ya leƙa kamfas ya dawo, ya leƙa ma'aunin gudu ya dawo. Kada ka kafa wa guda ɗaya ido. Na sha ganin ɗalibi ya nace sai allurar tsawo ta zauna daram, kafin ya farga hancin jirgi ya bar hanya da digiri 30. In za ka juya, yi juyin ƙa'ida, digiri 3 a kowace daƙiƙa, wanda ke kai ka cikakken zagaye cikin minti 2. Kada ka fizgi kanka don ɗauko biro ko takarda ana cikin juyi. In karkatar ta zo, bar ta ta zo, ko da jikinka zai jingina gefe a kan kujera, muddin hannunka na'ura yake bi.

Za ka ce, to in na'urar ce ta lalace fa? Tana lalacewa. Amma wata na'urar ce ke tona mata asiri, ba jikinka ba. In ta ce kana juyi, kamfas bai motsa ba, ma'aunin juyi shi ma yana tsakiya, biyu sun rinjayi ɗaya. Nan gaba malaminka zai rufe maka wasu da takarda ya ce ka ci gaba da sauran.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba, amma ba zan bari ya wuce ba. Ma'aunin tsawo da nauyin iska yake aiki, hasumiyar kula da jirage ta filin jirgi ce ke ba ka lambar da za ka saita. Kuskuren lamba 1 kusan ƙafa 30 ne. A ce lambar gaskiya 1003 ce, kai ka bar shi a 1013: kana ƙasa da inda kake zato da kusan ƙafa 300, na'ura kuma ba za ta yi maka tari ba. Don haka duk lambar da aka ba ka, da tsawon da aka ce ka tsaya, da alƙiblar da aka ce ka bi, rubuta, ka maimaita wa mai hasumiya da bakinka. In ba ka ji ba, ce a sake. 'Ya'yanmu na karkara kunya ke cutar su a nan, suna gudun a ce Turancinsu bai nuna ba, sai su amsa abin da ba su gane ba. Ban taɓa ganin an rage wa matuƙi daraja don ya ce a maimaita ba.

Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce aƙalla awa 40 na tuƙi da na'ura, wani kaso a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, da awa 50 na tafiya gari zuwa gari kana shugaban jirgi, kafin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta gwada ka. Kowace awa kuɗi ce mai yawa, na kuma san yadda iyaye ke sayar da amfanin gona da dabbobi a kan wannan karatu. In ka je hutu Gwaram, ɗauki taswirar saukar filin da kuke amfani da shi, ka zauna a zaure ka bi ta daki-daki da baki, tun daga kiran farko har abin da za ka yi in saukar ba ta yiwu ba. Abin da ka haddace a kan tabarma ba za ka biya kuɗin koyonsa a sama ba.

*

Baba Kyaftin, ina gaisuwa. Ɗana na karatun jirgi a Zariya. Da hunturu ya ce mini sun kwana biyu ba su tashi ba saboda hazo. Ni kuma da za mu dawo daga Umara, jirginmu ya sauko har muka ji ƙarar fitar tayoyi, sai ya sake yin sama, aka kai mu wani gari muka jira. Wasu suka ce matuƙin ne ya tsorata. Gaskiya ne? Hankalina ba ya kwanciya da aikin nan.
— Uwa daga Ringim

Hajiya, barka da dawowa, Allah ya karɓi ibada. Wannan matuƙi addu'a ya cancanta daga gare ki.

Ƙurar hunturu mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, busasshen gindin tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta zuwa kanmu daga Nuwamba har wajen Maris. Ni nan ƙauyenmu a ƙasar Kazaure, akwai safiyar da daga bakin gonata ba na hango duwatsun da ke gabana. Ɗalibin da bai kai ga darasin na'ura ba da ido yake tuƙi, yana bin titin Kano zuwa Zariya, ko layin dogo, ko ruwan Tiga. Doka ta ce sai yana iya hangen kilomita 5 a gabansa, yana kuma nesa da gajimare. In hazo ya hana haka, zama ya kama shi. Kwalejin horar da matuƙa ta Zariya tun 1964 aka kafa ta, hunturu ba baƙonta ba ne.

Babban jirgi irin naku da na'ura yake saukowa. A bakin titin jirgi akwai na'urar da ke aika saƙon rediyo iri biyu: ɗaya na nuna tsakiyar titi, ɗaya na nuna gangaren sauka, yawanci digiri 3. Matuƙi na bin su ba ya ganin ƙasa. Amma akwai iyaka a rubuce, wadda shi da mataimakinsa suka karanta suka amince tun suna can sama. A matakin farko na irin wannan sauka, iyakar ba ta gaza ƙafa 200 daga ƙasa, wajen mita 60 ke nan. In ya iso nan ya ga fitilun titi, ya sauka. In bai gani ba, babu "bari in ƙara sauka kaɗan ko zan hango". Ya ba injin wuta ya yi sama, ta hanyar da ita ma a zane take. Abin da kika ji ke nan. Garin da aka kai ku tun kafin ku baro Saudiyya aka zaɓe shi, aka zuba man da zai kai can, da ƙarin na rabin awa a ajiye.

Wanda nake jin tsoro shi ne matuƙin da ke jin nauyin fasinjoji, ko na masu jira a fili, ya ƙetare iyakar. Ki taimaki ɗanki da abu ɗaya, Hajiya: duk ranar da ya ce miki ya fasa tashi ko ya juyo daga hanya, ki sa masa albarka, kada ya ji a muryarki kamar ya gaza.

*

Ranka ya daɗe, ina cikin gonata a ƙasar Gezawa na ga jirgi na ta kai da komo a sama, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Ɓata ya yi?
— Manomi daga Gezawa

Malam, bai ɓata ba, layi yake jira. In jirage sun haɗu, ko ana sauraron gari ya washe, masu kula da zirga-zirgar sama na hukumar NAMA sukan ce jirgi ya dakata a kan wani wuri sananne. Tunda ba ya iya tsayawa cak, sai ya miƙe na minti 1, ya juya dama, ya miƙe, ya sake juyawa dama. In akwai wani mai jiran, ana sa shi sama da shi da ƙafa 1,000. Tun shiga ake gaya wa matuƙi lokacin da zai sa ran a kira shi, don ko rediyonsa ya mutu. In hakan ta faru, sai ya danna lamba 7600 a wata na'ura, ta fito a allon masu hasumiya, su gane ba ya ji, su share masa hanya ya sauko a kan lokacin da aka riga aka ba shi.