Ku Tambaya Mu Amsa: Zan iya kashe eko da ƙafa ina cikin kiɗa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni makaɗin fiyano ne kuma ni nake waƙa, muna zuwa biki da suna, miksar da muke aiki da ita Behringer XR18 ce, wadda ba ta da feda (abin da ake turawa sama ko ƙasa don ƙara ko rage murya) a jikinta sai dai ka sarrafa ta da waya ko tablet. Matsalata ita ce in na gama waƙa zan yi magana ko in miƙa wa MC mayik sai eko ya riƙa maimaita maganar, hannuwana biyu suna kan fiyano kafin in lalubo tablet an riga an ji. Wani ya ce min in sayi makunnin ƙafa na MIDI. Dan Allah da gaske zai yi, kuma ya ake haɗawa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yi, kuma zai yi sosai, wanda ya ba ka shawarar nan ya san aiki. Na ji daɗin tambayarka domin abin yana damuna in na ga makaɗi yana kokawa da tablet a gaban jama'a alhali ƙafarsa na ajiye ba ta komai.

Ka fara sanin cewa wayar MIDI ba sauti take ɗauka ba, umarni kawai take kaiwa, kamar ɗan aike. Tun 1983 aka fito da tsarin nan, kamfanin Roland na Japan da Sequential Circuits na Amurka suna cikin waɗanda suka tsaya a kai, kuma har yau soket ɗin nan mai zagaye mai ƙafa biyar shi ne dai a jikin miksarka. Ka ɗauko waya daga MIDI OUT na makunnin ka sa a MIDI IN na miksa, kar tsawonta ya wuce mita 15. Sai ka buɗe manhajar X AIR ka shiga wajen saitin MIDI ka kunna karɓar saƙo ta wannan soket ɗin, in ba ka kunna ba ko ka wuni kana takawa ba abin da zai motsa.

To a nan ne mutane suke rikicewa. MIDI yana da layuka 16 nasa na kansa, ba ruwansu da canel 16 na mayik da ke kan miksa, lamba ce kawai ta zo ɗaya. Ita XR18 tana sauraren umarnin feda a layi na 1, umarnin toshe murya a layi na 2. Saƙon da kake buƙata shi ake kira CC, wato Control Change, saƙon da ke sarrafa abu ɗaya a miksa, yana da lamba yana kuma da ƙima daga 0 zuwa 127. Lamba 0 zuwa 15 su ne mayik na ɗaya zuwa na sha shida, lura fa daga sifili ake fara ƙirga, wato mayik na 1 shi ne 0. Hanyar da ke tura murya zuwa injin eko na farko lambarta 27, wadda ke dawo da shi kuma 17. Ni 27 nake so ka toshe, saboda in ka toshe ta wutsiyar ekon da ya riga ya shiga za ta ƙarasa a hankali ta mutu da kanta, amma in 17 ka taka sai a ji an datse sautin kamar an rufe wa mutum baki. Ka ware maɓalli biyu kusa da juna a jikin makunnin, ɗaya ya aika 27 da ƙima 127 a layi na 2 ya toshe, ɗayan ya aika 27 da ƙima 0 ya buɗe. Shi ke nan.

Wasu za su ce maka ai ka ajiye saiti biyu a miksa, ɗaya na waƙa ɗaya na magana, ka riƙa kiransu da saƙon PC, wato Program Change, saƙon da ke kiran saitin da aka ajiye, tunda tana ɗaukar saiti har 64. Gaskiya ban yarda da wannan ba a irin aikinka. Na taɓa yin haka a wani ɗaurin aure da aka yi walima a fili, da rana na ajiye saitin lokacin ba kowa, da magariba ta yi jama'a suka cika na rage wa mayik biyu ƙarfi saboda sun matso kusa da sifika, can ina takawa sai miksa ta maida komai yadda yake da rana, wallahi ƙarar da ta fito sai da wata dattijuwa a layin gaba ta toshe kunnuwa da mayafinta, yaron da ke hannunta ya fashe da kuka. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Saitin da aka ajiye yana dawo da duk abin da ba ka kulle ba, shi kuwa CC abu ɗaya tak yake taɓawa.

Maganar wanda za ka saya, FCB1010 na Behringer shi aka fi samu, maɓallai goma da wasu biyu masu kama da totur ɗin mota, ƙarfe ne yana jure wahala, sai dai saita shi yana buƙatar haƙuri. Layin da zai yi magana a kai ba a cikin kowane maɓalli ake zaɓa ba, sai ka danne maɓallin DOWN da ƙafa kana kunna shi sannan ka shiga babban saiti ka maida CC ɗin layi na 2. Kuma dan Allah ka kashe saƙon PC a maɓallan nan biyu, domin in ka bar shi kana taka eko yana kiran wani tsohon saiti, ka koma abin da ya same ni. In na hannu za ka saya ka duba bayansa, na kasuwar Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa kai tsaye ya ƙone. Ƙananan nan masu USB kaɗai kuma ba za su yi magana da miksar kai tsaye ba sai da kwamfuta ko wani ɗan akwati a tsakani, ka nemi mai soket mai zagaye ka huta.

Totur ɗin kar ka ɗora shi kan babbar feda, lamba 31, taku ɗaya bisa kuskure zai kai ta ƙarshe. Ka manna farin tef a maɓallan biyu ka rubuta WAƘA da MAGANA da manyan baƙaƙe don filin biki da daddare ba haske, sannan ka gwada a gida da sifika a ƙasa-ƙasa, tablet a gabanka kana kallon alamar toshewa tana yin ja tana sakewa.